Akwatin fayil yana Jos, mai shi yana Abuja: yadda ake shiga NAS daga nesa da SSH

Ƙanena yana da situdiyo a wajen Taminus a nan Jos, yana ɗaukar bidiyon biki da suna da walima. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani baƙin akwati da bai fi girman burodi biyu ba, da faifai biyu a cikinsa, kuma duk wahalarsa ta shekara uku tana ciki. 'Yan sana'a suna ce masa NAS. Ƙaramar kwamfuta ce da ba ta da allo ba ta da madannai, aikinta kawai ta riƙe fayiloli ta miƙa wa duk na'urar da ke kan netwok ɗin gidan.

Watan jiya aka kira shi aiki Abuja, wani biki a Gwarinpa. Ana la'asar uwar amarya ta ce tana so a haska bidiyon kamun da aka yi a Jos a wurin dina a daren. Bidiyo yana cikin akwati, akwati yana Jos, tsakaninsu tafiyar awa huɗu zuwa biyar ta Akwanga da Keffi, in hanya ta yi kyau ke nan. Ya kira ni muryarsa na rawa.

"Yaya, na fa buɗe ƙofa ta 22 a rauta kafin in taso, yadda na gani a YouTube. Yanzu na buga, sai ya yi ta shiru, can ya ce lokaci ya ƙare."

"Ka gwada kafin ka taso?"

"Na gwada, ya yi."

"A ina ka gwada?"

"A shago."

"A kan wayifai ɗin shagon?"

Sai ya yi shiru. Ni na karɓi makulli wurin maƙwabcinsa na je na tura masa bidiyon, aka haska shi ana gab da tashi. Bayan ya dawo muka zauna muka gyara abin daga tushe, kuma abin da na gaya masa ranar shi zan faɗa a nan: umarnin shiga layi ɗaya ne, yaro ma zai haddace, amma duk abin da ke sa layin ya yi aiki daga nesa ana shirya shi ne mutum yana zaune kusa da na'urar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

SSH hanya ce ta ba wata kwamfuta umarni a rubuce kamar kana zaune a gabanta, kuma duk abin da ya ratsa tsakaninku a kulle yake, mai leƙe a hanya ba ya ganin komai sai shirme. Kafin zuwansa da telnet ake amfani, wanda ke aika kalmar sirri tsirara. A 1995 aka yi wa netwok ɗin wata jami'ar fasaha a Helsinki, ƙasar Finlan, satar kalmomin sirri ta hanyar saurare a layi, sai wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH. Kowace hidima a kwamfuta tana da ƙofa mai lamba da ake samunta ta nan. Ya lura lamba 21 ta FTP ce, hanyar aika fayiloli, 23 ta telnet, 22 kuma ba mai ita, ya nema aka ba shi. Asalin ƙofa ta 22 da ƙanena ya ambata ke nan. Wanda kusan kowa ke amfani da shi yau, OpenSSH, mutanen OpenBSD suka fito da shi a 1999. Yana cikin Linux da Mac tun asali, Windows 10 ma ta shigo da shi tun 2018, don haka ba dole sai an sauke wata manhajar SSH daban irin PuTTY ba kamar da.

Synology da QNAP, kamfanonin Taiwan biyu da akwatunansu suka fi yawa a hannun ƙananan 'yan sana'a, Linux ne a ƙarƙashin kyakkyawan shafin da kake gani a burauza. A Synology SSH a kashe yake zuwa, sai ka shiga saitin Terminal & SNMP ka kunna, kuma 'yan rukunin masu gudanarwa kaɗai ake bari su shiga. In an kunna, daga kwamfutar da ke kan wayifai ɗaya da shi:

ssh edita@192.168.1.20

Edita sunan asusu ne, lambobin kuma adireshin akwatin a cikin gida. Karon farko zai nuna maka wani dogon jerin haruffa ya tambaye ka ko ka yarda. Mutane kan amsa ba su karanta ba. Wannan jerin zanen yatsan na'urar ne, kwamfutarka za ta ajiye shi a fayil ɗin known_hosts, duk ranar da ka dawo ta gwada da wanda aka nuna mata. In wata rana ta yi maka kururuwa da manyan haruffa cewa shaidar na'urar ta canza, alhali ba ka sake zuba mata manhaja ba, ka tsaya. Wataƙila wani ne ya tsaya a tsakani yana amsa sallama da sunan akwatinka. Shi ya sa nake so a yi haɗuwar farko a cikin shago, inda babu shakkar wanda ake gaisawa da shi.

Yanzu maganar kalmar sirri da makulli, inda na fi so a tsaya.

Kalmar sirri abu ce da ake iya canka. Makullin SSH ba a cankarsa. Umarnin ssh-keygen -t ed25519 zai haifar maka da fayil biyu: ɗaya na ɓoye, ba ya barin kwamfutarka har abada, ɗaya na fili mai .pub a ƙarshen sunansa, shi ake kai wa akwatin a saka a cikin authorized_keys. An saba kwatanta su da kwado da makulli, ni kuwa na fi ganinsu kamar hatimin hakimi da samfurin da aka ajiye a ofis don gane shi. Duk lokacin da ka zo shiga, sabuwar takarda ake bugawa hatimi, akwatin ya duba ko bugun ya dace da samfurin da ke wurinsa. Hatimin kansa ba ya bin waya. Wanda ya ga bugun jiya ba zai shiga da shi yau ba, domin takardar yau daban ce. Wanda ya sace samfurin ma bai samu komai ba, daga samfuri ba a ƙera hatimi. Nau'in Ed25519 ya shigo OpenSSH a 2014, gajere ne, mai sauri, kuma tun 2023 shi umarnin ke zaɓa da kansa in ba ka ce komai ba.

Idan ya tambaye ka jimlar sirri da za a kulle hatimin da ita, kada ka tsallake. Laftof ɗin mai ɗaukar biki a mota take kwana, a ɗakin taro take yini, hannu goma ke taɓa ta. In aka sace ta da makulli a buɗe, an sace shagon gaba ɗaya. In kuwa a kulle yake, kana da lokacin da za ka goge layinsa daga authorized_keys. Kowace na'ura a yi mata nata makullin, don a iya korar ɗaya ba a kori sauran ba.

Akwai wani tarko da ya taɓa cinye mini rabin yini. Ka saka makulli daidai, amma akwatin ya ci gaba da tambayar kalmar sirri, ba ya gaya maka dalili. SSH yana da tsantseni: in ya ga wasu na iya rubutu a foldar gidan asusunka, ko a cikin .ssh, sai ya ƙi yarda da makullin, don yana ganin kowa ma zai iya cusa nasa. A Synology dole a fara kunna foldar gida ta masu asusu, sannan a matse izini, wato lambobin da ke nuna wa ke iya karatu ko rubutu: 755 ga foldar gidan, 700 ga .ssh, 600 ga authorized_keys. In abu ya ƙi, ƙara -v a umarnin shiga, zai riƙa faɗin abin da yake yi mataki mataki, ka ga inda aka juya masa baya.

Da makulli ya kama, sai a hana shiga da kalmar sirri gaba ɗaya a fayil ɗin saitin SSH na akwatin, sshd_config. Ɗabi'ar da duk tsohon hannu yake da ita a nan: kada ka rufe tagar da kake ciki har sai ka buɗe wata sabuwa ka ga ka shiga. Harafi ɗaya ka kuskure, ka kulle kanka a waje. In kana shago, abin dariya ne. In kana Abuja, kuɗin mota ne. Ka kuma sake duba saitin duk lokacin da akwatin ya sabunta manhajarsa.

To me ya hana ƙanena shiga, shi da ya buɗe ƙofa ta 22?

Adireshin 192.168 na cikin gida ne, kamar ka ce “ɗaki na biyu a hannun dama”. A cikin gidan yana da ma'ana, a bakin titi ba shi da ita. Bidiyon da ya kalla yana ɗauka cewa rautarka tana da nata adireshin a intanet, sai ka ce mata duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kaza a kai shi wurin akwati. A ƙasashen da aka yi bidiyon sau da yawa haka ne. A nan, mafi yawan masu shiga intanet da layin waya ko ƙaramar rauta mai sim ba su da adireshin kansu. Adireshin tsarin IPv4, tsohon tsarin da intanet ya taso da shi, kusan biliyan 4.3 ne duka duka, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare tun Fabrairun 2011. Sai kamfanoni suka koma tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da ƙofar waje ɗaya, makullinta na hannun mai gida. Kai za ka iya fita aike ka dawo da saƙo, amma baƙon da ya zo daga waje yana nemanka, maigadi bai san ɗakinka ba, ba zai ma saurare shi ba. Ƙanena ƙofar ɗakinsa ya buɗe, ƙofar titi tana nan a garƙame. Starlink da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 ita ma a ƙaramin tsarinta haka take yi.

Ganewa ba wuya. Shiga shafin rauta ka duba adireshin da kamfani ya ba ta, ka gwada da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. In sun bambanta, ko ka ga na rautar ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, kana gidan haya. DDNS ba zai cece ka ba a nan, shi suna kawai yake liƙa wa adireshi, ba ya buɗe ƙofar da ba taka ba.

Ni ban ɗauki wannan asara ba. Da ƙofar ta buɗu masa yadda ya so, da asusun admin da kalmar sirrin da na san irin wadda yake sakawa, da labarin ya fi haka muni. Duk wanda ya taɓa ajiye saba, wato kwamfutar da ake shiga daga nesa, a fili ya buɗe littafin shige da fice ya san abin da nake nufi: kafin gari ya waye layuka sun cika da sunayen asusun da ake gwadawa, root, admin, test, daga ƙasashen da ba ka taɓa zuwa ba. Ba mutum ne zaune yana ƙinka ba, injuna ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna murɗa kowace ƙofa. A Agustan 2021 Synology ta gargaɗi masu akwatunanta kan wata rundunar irin waɗannan injuna, StealthWorker, da ke cankar kalmomin sirri. A Janairun 2022 manhajar garkuwa da fayiloli mai suna DeadBolt ta afka wa akwatunan QNAP da ke fuskantar intanet kai tsaye, ta kulle abin da ke ciki, ta nemi kuɗin fansa bitkoyin 0.03. Wannan ta ɓarakar manhajar akwatin ta shiga, wato ko kalmar sirrinka ta kai tsawon carbi ba ta hana ba. Darasin da kamfanin QNAP da kansa ya bayar shi ne a janye akwatin daga bakin titi. Mayar da ƙofa daga 22 zuwa 2222 yana rage hayaniya a littafi, amma sauya wa ƙofa fenti ne, mai neman shiga da gaske zai zagaya ya same ta.

Hanyar da ta dace da mu ita ce akwatin ya zama shi ke fita neman mu. Maigadi ba ya hana ɗan gida fita.

Ga ƙanena Tailscale na zaɓa. An gina shi a kan WireGuard, tsarin VPN da Jason Donenfeld ya rubuta, wanda ya shiga cikin Linux kansa a 2020. Ka saka shi a akwatin, ka saka a laftof da waya, duk da asusu ɗaya. Kowace na'ura ta fita da kanta ta yi rajista, a ba ta adireshi mai farawa da 100 wanda ba ya canzawa, sai su riƙa ganin juna kamar suna ɗaki ɗaya ko da ɗaya na Rayfield ɗaya na Wuse. Ba a taɓa rauta, ba a buɗe ƙofar komai. SSH ɗinka na nan yadda yake, adireshin kawai ka canza. Yana da nasa sharaɗin. Ka jingina da wani kamfani, kuma asusun Google ko Microsoft da ka shiga da shi ya zama makullin gari, dole a sa masa tabbaci mai hawa biyu. In na'urorin biyu suka kasa haɗuwa kai tsaye, zai bi da su ta tashar kamfanin, gudu ya ragu sosai. Sannan rajistar kowace na'ura kan ƙare bayan kwana 180 in ba a kashe wa'adin ba. A laftof ba komai, ka sake shiga. A akwatin da ke ƙarƙashin tebur a wani gari, wata shida cif ranar da ka manta da zancen, sai ka neme shi ka rasa. A kashe masa wa'adin tun ranar farko.

Wanda ba ya son hannun kowa a ciki zai iya hayar ƙaramar saba mai adireshin kanta, akwatin ya haƙa rami zuwa can da ssh -R, wata manhaja mai suna autossh na sake haƙawa duk sanda ya rufta, kai kuma ka bi ta sabar da -J ka faɗo gida. Yana aiki sarai, sai dai yanzu kana da na'ura biyu da za ka yi wa gadi, kana kuma biyan dala duk wata. Wasu kamfanonin intanet na sayar da adireshi na dindindin ga 'yan kasuwa, in ka samu, WireGuard za ka ajiye a bakin ƙofar, SSH na bayansa.

An shiga. Me ake yi a baƙin allon?

Abin da shafin burauza ke yi da nauyi, layin umarni na yi da 'yan haruffa, kuma a sabis mai sanda ɗaya wannan ba ƙaramin abu ba ne. df -h ya gaya maka sauran wuri. du -sh ya nuna foldar da ta ci faifai. cat /proc/mdstat ya nuna ko faifan biyu na tafiya tare: UU lafiya lau, in ka ga ƙaramin layi a gurbin ɗaya, ɗaya ya faɗi, kana tafiya da ƙafa ɗaya. Fayilolinka a Synology suna ƙarƙashin /volume1, a QNAP /share. sudo -i zai mai da kai root, mai cikakken iko, kuma a can babu kwandon shara. rm ba ya tambaya sau biyu.

Wajen kwaso fayil rsync nake amfani da shi, tsohon kayan aiki na 1996 daga Andrew Tridgell da Paul Mackerras:

rsync -avP edita@shago:/volume1/biki/kamu.mp4 .

Shago a nan laƙabin da muka ba akwatin ne a madadin adireshinsa. Harafin P ɗin nan shi ne na 'yan Najeriya. In sabis ya yanke a kashi 70, ba ya zubar da abin da ya sauka, ka sake bugawa ya ɗora a kai. A Synology sai an kunna hidimar rsync tukuna. scp kuma, wani umarnin kwafe fayil, tun OpenSSH 9.0 na 2022 ta hidimar aika fayil ta SFTP yake bi, don haka in SFTP a kashe yake a akwatin zai ƙi, ka yi ta zargin makullinka a banza.

Lissafin da ƙanena bai yi ba shi ne na gudu. Lokacin da kake Abuja kana janyowa, akwatin a Jos turawa yake yi, kuma gudun turawa kullum shi ne ƙaramin. Ɗanyen bidiyo mai gigabayit 40 a kan megabit 5 a daƙiƙa kusan awa 18 ne. Direban tasha zai kai faifan Abuja, ya ci abinci, ya dawo Jos, ya sake komawa, ba a gama ba. Ga data da za a ci a ɓangare biyu. Shi ya sa muka yi doka a shagon: duk aikin da aka gama, a fitar da ƙaramin kwafi a ajiye kusa da babban. Shi ake ja daga nesa.

In aikin mai tsawo ne a cikin akwatin kansa, kamar kwashe folda zuwa faifan waje, a sa shi cikin manhajar tmux in akwai, ko a fara shi da umarnin nohup, don in layi ya yanke kada aikin ya mutu tare da shi. A fayil ɗin config na laftof ɗinka ka rubuta sunan laƙabi, “shago”, da adireshi da asusu, ka ƙara ServerAliveInterval 30 don layin kada ya yi barci a kashe shi.

Saura wuta, wadda masu bidiyon ƙasashen waje ba sa ko ambata. Akwatin da ba ya kunne ba shi da SSH. Akwai saitin da ke sa ya tashi da kansa in wuta ta dawo, a tabbata an kunna shi. UPS mai igiyar USB zai gaya masa an ɗauke wuta, ya rufe fayilolinsa cikin natsuwa kafin batir ya ƙare, domin yankewar wuta ana tsakiyar rubutu na iya lalata abin da ake rubutawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a sa akwati a inbata a bar rauta a soket ɗin bango. Akwatin na raye yana ƙifta ido, ba mai jin sa. Sanyin Jos na yi wa faifai daɗi, wannan kam mun ci riba, amma ƙurar hunturu na toshe fanka, a riƙa busa ta. Faifai biyu masu kwafin juna kuma kariya ce daga mutuwar faifai ɗaya kawai: abin da ka goge da hannunka daga Abuja, a duka biyun ya tafi. Kwafi na uku yana gidan mahaifiyarmu a cikin durowa.

Da muka gama na ce ya kashe wayifai, ya ɗauki laftof ya tsallaka titi wurin mai shayi, ya haɗa da datar wayarsa. Ya buga ssh shago, ya ɗago mini hannu. Na ce ya zauna tukuna. Na kashe akwatin daga soket kamar an ɗauke wuta, na zare rauta, na ƙirga ashirin na mayar da su. Ya yi minti huɗu yana gwadawa yana hararata ta tsallaken titi, mai shayi na tambayarsa ko a ƙara ƙwai. A na biyar ya shiga.

Shekaranjiya ya turo mini hoton allo daga Abuja, df -h ne, kashi 91 ya cika. A ƙasa ya rubuta, “Yaya, nawa ne faifai mai tera takwas yanzu a Banex?”